Mai Gyaran Keken Ɗinki da Shafin Tsohuwar Gada

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji kukan ƙyauren shagonsa. Ƙyauren nan ya daɗe yana neman mai, mai shagon kuwa kullum kekunan mutane yake ɗiga wa, ya manta da nasa. Sai ya share ƙofa, ya fito da benci, ya jera kekunan ɗinkin da suka kwana: wannan allura yake karyawa, wancan zare yake tsinkawa, na kusurwa kuma nawa ne, ya girmi rabin mutanen layinmu. Amma kafin ya taɓa sukudireba, sai ya wanke hannu, ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif, ya yi awa ɗaya cur yana wani aikin da ba wanda ya sa shi.

Ga wanda bai sani ba, irina a da: akwai wani kundin ilimi a intanet da harshenmu, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta, kowa kuma ke iya gyara abin da wani ya rubuta. Da aka fara ba ni labarinsa na ce, "Wannan ai gida ne ba ƙofa, har akuya ta shiga!" Ashe akwai ƙa'idoji. Akwai kuma wasu 'yan ƙalilan da jama'ar kundin suka zaɓa suka danƙa wa mabuɗi, su ke kulle shafi in rikici ya ɓarke, su dakatar da mai ɓarna. Mai Keke, kamar yadda muke kiransa, shekara goma sha huɗu yana riƙe da wannan mabuɗi. Watan jiya ya mayar da shi, don yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ce ba zai yanke hukunci a kan rubutun da yake gani dishi-dishi ba.

A can cikin kundin ba su san shi da keke ba. "Ina Madogara" suke ce masa, don tambayarsa ke nan. Babbar ƙa'idarsu ita ce, duk abin da za ka rubuta, sai ka nuna littafi ko jarida da ta riga ta faɗe shi. An ce da ka ce ba ta shiga. Wata ma'aikaciyar jinya da ta kawo kekenta ta faɗa mini da bakinta cewa ranar da ta fara rubutu, shafi guda ta cika daga kanta. Ta ce, "Gwaggo, kafin ya cire mini layi ɗaya, sai da ya gaishe ni, ya tambayi aiki, sannan ya nuna mini inda zan samo littattafan. Da ya goge kawai, da ban sake komawa ba." Yau shafukan lafiya da yawa hannunta ne.

Mai Keke, kai ne mai gaisuwa kafin gyara. Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Don maganar gada na ɗauka.

Akwai tsohuwar gada a bakin kasuwarmu. Mahaifin Mai Keke magini ne, kuma tun da na zo layin nan nake jin cewa shi ya gina ta. Ni kaina na sha gaya wa jikokina haka, ina nuna ginshiƙan da sanda kamar a gabana aka kafa su. Mai Keke yana da wa, tsohon direban babbar mota, kowa Yaya yake ce masa. Shekara ashirin, duk yamma in yana gari, yana zaune a bencin shagon nan, shayinsa a hannu, yana gyara wa duniya zama. Da ya ajiye tuƙi, ƙanen ya koya masa rubutu a kundin don ya rage zaman banza. Ai kuwa abin da ya fara nema shi ne shafin gada, ya ƙara layi ɗaya: mahaifinsu ne ya gina ta.

Wata marubuciya da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, mai kiran kanta Malamar Lissafi, ta cire layin, ta bar saƙo cikin ladabi cewa babu madogara. Yaya ya mayar. Ta cire. Ya mayar. Ƙa'ida ta ce ba a wuce mayarwa uku a yini ɗaya, in an kai nan sai a koma shafin tattaunawa a yi magana. Malama ta tsaya a uku. Wani ya zo ya cire, Yaya ya yi na huɗu, ya yi na biyar.

Ina zaune a shagon ina jiran kekena, sai Yaya ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai, ɗauko mabuɗin nan naka ka kulle shafin a kan maganata, ka kori matar nan."

Mai Keke bai ɗago daga kwarkwaron da yake zura wa zare ba. Ya ce, "Yaya, zauna ka sha shayi."

"Shayin me? Ubanka ake gogewa kana ce mini shayi! Ko a kwandon shara aka tsinto ka?"

"Ubana ne, Yaya. Shi ya sa ba zan taɓa ba. Mai mabuɗi ba ya hukunci a rikicin da jininsa ke ciki."

Yaya ya juyo gare ni. "Gwaggo, ke shaida ce. Wa ya gina gadar nan?"

Na ce, "Babanku mana!"

Mai Keke ya yi murmushi. "Gwaggo, kina nan aka gina ta?"

Ni da na zo na tarar da gada har ta yi gansakuka!

Abin da ya yi a ranar, a gabana ya yi shi. Ya shiga shafin tattaunawa ya rubuta wa duniya: "Mutumin da ake gardama a kansa mahaifina ne. Mai mayar da layin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na janye hannuna. Wani mai mabuɗi ya duba, ya yi abin da ƙa'ida ta ce." Wani ya duba, ya dakatar da Yaya kwana biyu, layin ya fita.

Kwana biyu ne a kundi, amma a layinmu wata bakwai ya zama. Bencin nan ya zauna wayam. Yaya in zai je kasuwa sai ya zaga ta bayan layi don kada ya wuce ta ƙofar shagon. Matansu suna gaisawa a ɓoye kamar masu laifi. Mai Keke kuwa duk yamma sai ya zuba shayi kofi biyu, ɗaya ya huce ya zubar. Na ce masa, "Ɗan nan, layi ɗaya ne fa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya ce, "Gwaggo, in na sa wa Baba abin da ba ni da hujjarsa, gobe da wane ido zan cire na uban wani?"

Bai tsaya nan ba. Duk Asabar sai ya rufe shago da rana, ya tafi babban ɗakin karatu, inda ake ajiye tsofaffin jaridu a ɗaure. Mai kula da wurin ta ce mini har ta san tarinsa, don ƙurar takardun ba ta barinsa. Shafi-shafi yake bi da tabarau da madubin da yake duba haƙoran keke da shi. Abin da ya fara samu bai yi daɗi ba: wani kamfani ne ya gina gadar, lokacin mahaifinsu bai wuce shekara tara ba. Da wani ne, da ya rufe jaridar ya yi shiru. Shi sai ya ɗauki hotonta ya sa a shafin tattaunawa, ya ci gaba da nema.

A Asabar ta ashirin da wani abu ya ci karo da shekarar ambaliya. Ginshiƙin tsakiya ya tsage, an hana motoci wucewa, kasuwa ta mutu. Ga hoton magina shida tsaye cikin ruwa har ƙugu, ga sunan shugabansu a ƙasa: mahaifin Mai Keke. Kwana goma sha ɗaya suka yi suka ceto gadar.

Ko a nan bai rubuta da hannunsa ba. Ya ajiye hoton a shafin tattaunawa, ya ce, "Malama, ga abin da na samu. Ke za ki ga ko ya isa." Ita ta rubuta layin, da sunan mahaifinsu da madogararsa a gindi. Ta ƙara a gefe: "A gaida mini Yaya."

Ni aka ba hoton da saƙon Malama a takarda na kai wa Yaya. Ya juya kai, ya ce ba ya karanta wasiƙar maciya amana. Na ajiye masa a cinya na yi tafiyata. Da yamma ina hango shago sai ga shi tafe, ta gaban layi. Ya zauna a benci kamar jiya ya tashi, ya ɗaga hoton.

"Kunnuwan nan ko a cikin dubu na gane su. Irin naka ne, kamar faranti."

"Naka sun fi, Yaya."

"To, bai gina ba."

"Bai gina ba."

Yaya ya daɗe yana kallon ruwan da ya kai wa mahaifinsu ƙugu. Ya share ido da bakin riga, ya ce, "Shayin nan ya huce. Haka ake karɓar baƙo a shagon nan?"

Kai ne ka yarda ɗan'uwanka ya yi fushi da kai wata bakwai, da ka ba mahaifinka yabon aro. Ka ba shi nasa na gaskiya, wanda ba mai iya gogewa. Mun gode, ɗan halak. Allah ya buɗe idon nan, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu rubutu a kundin, in rikici ya taso, ku gaisa tukuna, ku tsaya a uku, in abin ya shafi jininku ku janye hannu ku tafi neman hujja.

Bari in faɗa muku wanda ya sa ni wannan rubutu. Ranar da Mai Keke ya mayar da mabuɗi, Yaya ya so buɗe masa shafi a kundin. Ƙanen ya ce kada ya soma, babu jaridar da ta taɓa ambatonsa, kuma ɗan'uwa ba ya rubuta ɗan'uwa. Sai ga Yaya a ƙofata da sabon littafi da biro biyu.

"Gwaggo, ke ba jininmu ba ce, kuma wannan karon kina nan aka yi. Rubuta, a buga a jarida. Yaron nan ba zai zauna ba madogara ba."