Tsakuwar Farko

Ranar Juma'ar farko da aka rufe masallatan Doha saboda annobar korona, ina zaune bakin taga a gidan ɗana da ke Madinat Khalifa, sanye da farar rigata, babu inda za ni. Aikin ido ya kawo ni na wata biyu, sai aka tsayar da jirage. Ladan ya kira salla, ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. A nan jikata Jidda, mai karatun shirya fim a jami'a, ta same ni da littafi da biro. Ta ce, "Angona, tunda yau ba ka da wurin gudu, ba ni labarin sata." Malamansu sun ce kowane ɗalibi ya shirya gajeren fim na laifi da bin sawu, ita kuwa ko ɓarawon kaza ba ta taɓa gani ba. Sai na ba ta labarin rajistar makarantarmu. Na ba ta shi yadda ƙauyenmu ya san shi, ba yadda ya faru ba.

Ga yadda ya faru. Ina aji huɗu a lokacin. Makarantarmu ɗaki biyu ce ta jar ƙasa, sauran azuzuwa a gindin tsamiya. Kafin a buga ƙarfen shiga aji sai na ɗebo ruwa tulu uku, na zuba wa tumaki harawa, idan gero ya fara nuna kuma na biya gona na kori tsuntsaye da gwangwani da igiya. Lokacin tara muna langa har gwiwa ta goge, ko mu haƙa ramukan dara a ƙasa. Amma ni fadama ta fi ja na. A wannan daminar na fi zama bakin ruwa ina kamun tarwaɗa fiye da zama a aji, kuma duk ranar da ban zo ba sai Malam ya yi zobe da jan biro gaban sunana. Da aka ce iyaye za su zo a karanta musu rajista, na san abin da ke jira na, don mahaifina yakan ce, "Ɗana ba ya ƙarya, ba ya fashi." Ranar Alhamis da aka tashi, na zare rajistar daga akwatin Malam, na cusa ta cikin suri a bayan makaranta. Gara ta gama aikin.

Ilu ne ke ɗaukar akwatin nan ya kai gidan Malam kullum. Ɗan mai haƙar rijiya ne, baƙi ne a garin, bahago ne, kuma ya fi mu duka lissafi. Shi ke nuna mini raba-lamba da kara a ƙasa. Ranar Litinin Hedimasta ya zaunar da mu da'ira a gindin tsamiya, ya ce tunda ɓarawo ya ƙi fitowa, kowa ya ɗauki tsakuwa ya ajiye gaban wanda yake zargi. Da tsawo ake jera mu, ni ne dogo, ni aka fara kira. Na taka na ajiye tawa gaban Ilu. Na biyu ya dubi inda na ajiye ya bi, na uku ma haka. Kafin a gama an yi ɗan tudu a gaban ƙafafunsa. Bai yi kuka ba, tudun kawai yake kallo. Aka yi masa bulala, aka kore shi. Da kaka ta yi suka kwashe kayansu suka bar garin. Ni na ƙarasa firamare da ƙyar, daga nan na tsaya.

A labarin da na ba Jidda, Ilu ne ɓarawon. Ita kuwa ba ta fara ɗaukar komai ba sai da ta tambayi masu kallo, wai haka ake koya musu. Ta aika tambayoyi ta waya ga abokan aikin babanta, da matansu, da 'yan Zongo na Ghana masu gadi da tuƙi. Suka ce ba sa son bindiga da gudun mota, sun gaji da su. Suna son a bar su su gano mai laifi da kansu. Leburori suka ce idan ana son ransu ya tashi, a ɓatar da takarda, don sun san abin da ɓatan takarda ke jawo wa baƙo. Sai ta ɗauke labarin daga ƙauye ta kai shi ɗakin kwanan ma'aikata, rajista ta zama jakar fasfo ta shugaban aiki, Ilu kuma ya zama baƙon da bai daɗe da zuwa aiki ba. Tsakuwar kaɗai ta bari yadda take.

Da aka sassauta kulle ta ɗauki rabin fim ɗin na gwaji, ta kai Asian Town, matattarar leburori, da wani gidan abinci a unguwar Al Muntazah, ta nuna wa mutane sanye da takunkumi, ta tambaye su wa suke zargi. Ta dawo ta zube takardu gabana ina shan shayi. Kusan kowa baƙon ya zaɓa. Ta ce idan kowa ya gano tun rabi, fim ya mutu, dole ɓarawo ya zama wanda babu wanda ya kawo shi a rai. Ta duba takardun nan kaf, mutum ɗaya ne ba a ambata ba ko sau ɗaya.

"Wanda ya fara ajiye tsakuwa," in ji ta tana dariya. "Kai ke nan, tsoho. Kada ka sake ni, fim ne kawai."

Na ce mata shayin ya huce, ta ɗumama mini.

Jinyar ido ta ja, na zauna har lokacin gasar cin kofin duniya. A makon da gari ya cika da tutoci da ganguna aka nuna fim ɗin a wani ƙaramin zaure. Na zauna a layi na biyu, na ga wani dogon saurayi ya sunkuya ya ajiye tsakuwa. Da asirinsa ya tonu a ƙarshe, wani ɗan Kumasi da ke bayana ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya isa." Aka tafa. Na jira in ji kunya ko tsoro ko sauƙi, ban ji komai ba, kamar an yi wa ƙirjina allurar da aka yi wa idona.

A mota, cikin cunkoso, na ce wa Jidda ba ta canza labarin ba, gyara shi ta yi. Ba ta ce angona ba, ba ta ce tsoho ba. Ta ce, "Kaka, yana raye?" Na ce ban sani ba. Shekara fiye da hamsin ban tambayi kowa ba. Na roƙe ta abu ɗaya, ta sa sunansa a ƙarshen fim ɗin, ta kuma rubuta cewa bai ɗauka ba. Ta sa. Yanzu ina bin masu haƙar rijiya ta waya, gari bayan gari, har yau ban dace ba.

A gindin tsamiya an tambayi jama'a, an kori yaro. A Doha an tambayi jama'a, sun sake nuna baƙo, sai dai an samu yarinya da ta zauna ta duba sunan da ba a ambata ba. Na so a ce akwai irinta a da'irarmu. Wani lokaci nakan ga Ilu tsugune yana zana lamba da hagunsa, yana jira in gane. Na gane, amma ban san inda zan kai masa amsar ba.