Faifan da Kakata Ta Goge da Toka

Kakana malami ne a Kebbe. Lokacin da kuɗin mai ya shigo, kowa ya sayi rediyo mai kaset, wani ƙanen babana ya ɗauki tafsirin da Malam yake yi a zaure. Bayan rasuwar Malam aka kai kaset ɗin Tambuwal aka juye shi a faifan sidi, daga baya zafi ya cinye kaset ɗin. Muryarsa ta rage a faifai ɗaya tak, shi kuwa yana hannun kakata.

Ranar da na hau babur daga Tambuwal da kwamfutata a jaka don in juye shi, sai da muka yi daru kafin ta ciro shi daga cikin kwanonin jerenta. Na juya shi. Bayansa duk zane ne, kamar kaji sun yi tono.

Na ce, “Tsohuwa, me ya sami faifan nan?”

Ta ce, “Mi ya same shi? Kowace Juma'a nika goge shi da toka da soso. Abin Malam ba ya zama da dauɗa.”

Haushi ya kama ni, amma wa zan yi wa faɗa? Yadda take ƙalƙale kwanon tuwonsa yana raye, haka ta riƙa yi wa muryarsa.

Na sa faifan. Kwamfuta ta yi ta gurnani tana tofo shi, ina mayarwa, tun hantsi har azahar. Kakata na gefe tana tsiya, wai na'urar tawa raguwa ce kamar mai ita. Daga karatun wajen awa guda, abin da ya tsira bai kai minti biyu ba.

Na kunna mata ina jin kunya. Muryar Malam ta fito garau, ya ja aya ya fara fassara, sai ya yi tari. Ya ɗaga murya ta wajen cikin gida ya ce, “Ke, kawo man ruwa, maƙoshina ya bushe.”

“To, Malam,” in ji kakata.

Kafin in ɗago kai ta kai bakin randa. Ta dawo da moɗa cike, ta tsaya a kaina, ruwan na zuba a tabarma. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Ta daɗe tsaye, ta rasa wanda za ta miƙa wa.