Lemon Tsamin Mama Magdalene

Shekara goma sha tara Magdalene Ishaya ta yi tana wanke kwalabe a wani ɗakin bincike da ke Idu, kuma ko ɗaya ba ta taɓa fasawa ba. A Karshi aka haife ta, gidan manoman doya, karatunta ya tsaya a aji huɗu. Da mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, wata 'yar cocinsu ta samo mata aikin. Kowa a wurin Mama yake ce mata, har darakta.

Bana aka haɗa ta da Dakta Fiddausi, mai rainon ƙwayoyin guringuntsi a cikin wani jan ruwa, tana auna kolajin da suke yi.

"Mene ne kolajin kuma, Dakta?" Mama ta tambaya ran farko.

"Kin ga yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa in ya huce? To shi ne. Shi ke riƙe miki gwiwa."

"Wannan gwiwa nawa dai, ba abin da ya riƙe shi," in ji Mama, suka yi dariya.

Sai aka koma ruwan sabon bohol, wanda ke barin farin tabo a jikin gilashi. Mama ba ta iya ganin tabo ta ƙyale. Ta yi abin da take yi wa kofunan gidanta: ta riƙa matsa lemon tsami a ruwan ɗauraya na ƙarshe. Kwalabe suka yi ƙyalli, ranta ya yi fari.

Mako uku bayan nan kolajin ya ragu, jan ruwan ya soma komawa ruwan goro. Aikin wata biyar na neman lalacewa. Darakta ya ce duk wanda aka samu da sakaci, a bakin aikinsa.

Ranar Juma'a Mama na goge tebur ta ji Dakta a waya: "Wani abu mai tsami ne ke shiga, ban san ta ina ba."

Hannunta ya tsaya. Asabar da Lahadi ta yi su da maganar a ciki. Ko waƙa ba ta iya bi ba a coci. In ta daina sa lemon a ɓoye, ba mai sani. Amma Dakta za ta ci gaba da neman abin da ba za ta taɓa gani ba.

Litinin da safe ta ajiye lemo biyu a kan teburin Dakta.

"Ni ne, Dakta. Don su yi haske nake sa."

Dakta ta dubi lemon. Sai ta jawo littafi.

"Guda nawa a baho?"

"Biyu. In manya ne, ɗaya da rabi."

"Mama, wata biyar! Kin kusa sa mini hawan jini." Ta sauke numfashi. "Ni ma ban taɓa zama na faɗa miki dalilin da ya sa ake ɗauraye kwalabe da tataccen ruwa ba, haka zan gaya wa darakta. Daga yau shi kaɗai za ki ɗauraya da shi. Amma ware mini kwalba shida ki yi musu irin naki, in gwada in tabbatar."

"Ba a kore ni ba ke nan?"

"In kore ki, wa zai matsa mini lemon?"

Mama ta ɗaure zani, ta nufi wurin wanki, tana ɗingishi kaɗan.