Gwaggo Delu, Mai Kife Tukunya Bayan Isha'i

Kafin a kira asalatu Gwaggo Delu ta riga ta hura wuta a rumfarta da ke tashar motar Kontagora. Koko da ƙosai da safe, tuwon dawa da miyar kuka da rana. Haka take tun shekarar samun 'yancin kai har zuwa bana da aka ba mu Jihar Neja, da ciwon gwiwa ya ce mata ta huta. Abu ɗaya ya raba ta da sauran masu tuwo: da an idar da sallar isha'i sai ta kife tukunya, ta shimfiɗa tabarmi. Direban da ya zo neman ƙari, tabarma za a nuna masa.

Akwai wanda wannan tsari ya daɗe yana ci wa rai, wato Malam Mika'ilu, malamin asibitin da ke bayan tasha. Shekara uku ya yi yana karatu a Zariya, ga takardar shaida a bango, ga farar riga, amma direbobi sai su wuce ƙofarsa su tafi neman shawara wurin mai tuwo. In aka ambaci sunanta sai ya hau goge tabarau.

Maganar Ndako ce ta fi ƙona shi. Ndako direban babbar mota ne, ya yi ƙibar da tumbinsa ke gogar sitiyari. Sau biyu gyangyaɗi na kai shi cikin gonar mutane a hanyar Sahon Rami, mai motar kuwa ya rantse in aka yi na uku zai karɓe makulli. Ga 'ya'ya bakwai, ba shi da wata sana'a. Shekara guda Mika'ilu yana fama da ƙibar nan, ya hana shi cin mai, ya hana shi nama. In an ɗora shi a sikelin gyaɗa na kasuwa, don na asibiti ba ya ɗaukarsa, nauyin sai ƙaruwa yake.

Gwaggo tambaya ɗaya ta yi wa Ndako. "Ɗana, yaushe rabonka da barcin kirki?"

"Haba Gwaggo, mai jiran lodi ina ya ga barci? In na rintsa wani ya shige gabana. Goro da shayi ke riƙe ni."

"Shi ya sa. Na daɗe ina zuba muku tuwo. Wanda ya yi barci, malmala biyu ta ishe shi. Wanda ya kwana ido biyu sai ya ci huɗu, ya nemi tsire, ya nemi rake. Gajiya ce kake ta ɗura wa tuwo."

Washegari ta sa aka kafa ƙusoshi a jere a rumfarta, ta zaunar da 'yan kamasho sai da suka yarda: kowane direba ya rataye hularsa, hula ta riƙe masa layi, shi ya kwanta. Goron Ndako kuwa da la'asar take ƙwacewa.

Bayan wata bakwai Mika'ilu ya auna shi da kansa. Ya sake aunawa. Ya ce sikelin ne ya lalace, sai da aka ɗora buhun gyaɗa aka gwada. Sikeli lafiya lau, Ndako ne ya rage ƙiba.

Ke ce, Gwaggo, uwar tasha, kika bar cinikin dare wanda masu tuwo ke rububinsa, don 'ya'yan wasu su kai gida lafiya. Ba ki taɓa riƙe alƙalami ba, amma kin gano abin da ya shige wa mai farar riga duhu.

Makon jiya aka yi suna a gidan Ndako, da motar ya kwaso 'yan biki, makulli na aljihunsa. Sunan jaririya Delu. Mika'ilu ya karɓi goronsa, ya juya shi a hannu, ya ce wa na kusa da shi, "Ko namiji aka haifa, na san ba sunana za a sa ba. Wallahi kishin Gwaggo nake, kuma ta cancanta."

Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka gaji rumfar, kada ku cire ƙusoshin nan, akwai masu tuƙi gobe da safe.