Kejin Fitilar Baya

Lokacin gasar kofin duniya maigidana yana kai baƙi yawon sahara a jif ɗin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki. Fitilar baya ta fashe, ya sayo mata kejin ƙarfe. A unguwar Bin Mahmud, cikin rana, ina riƙe, yana ɗaurewa, idonsa na kan ƙwallo a waya.

Na ce, "Malam, bari in karanta takardar da ta zo da kejin. Ban shiga makaranta da furfura a banza ba."

Ya ce, "Khalas, Hajiya, an gama!"

Sai ƙofar baya ta ƙi buɗuwa, ƙarfen ya tokare ta, ga kulolin tuwon da nake sayar wa nas-nas a cikin motar, su kuma suna can suna jira. Ta kan kujeru na jawo su, miyar kuka ta ƙare a zanina. Na ce shi zai kai musu gayan tuwon, ya yi bayani da bakinsa.