Na Zare Makulli, Injin Bai Mutu Ba

Ko shekara nawa zan ƙara a bayan sitiyari, ranar da motar Alhaji ta ƙi mutuwa a hanyar Sheda ba za ta fita daga raina ba. Shekarar korona ce, bayan an ɗage dokar hana fita, damina ta fara sauka. Na zauna na rubuta wannan ne saboda ƙannenmu direbobi da muke zama tare a tashar Jabi, don yawancinsu fetur suka sani, ba su taɓa riƙe tsohuwar mota mai shan gas ba.

A lokacin ni direban Alhajin ne, wani dattijo a Kubwa wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya. Motarsa ta girmi 'yar autarsa. 'Yar Turai ce, injin dizal mai silinda huɗu, giyarta otomatik, kuma tana da turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar fanka ce a jikin injin. Hayaƙin da ke fita shi ke juya ta, ita kuma tana cusa wa injin iska don ya ƙara ƙarfi, baƙin man injin kuma shi ke shafa ta. Irin wannan mota tana da ƙa'idarta. Da safe za ka murɗa makulli rabi, ka jira fitilar hita, mai nuna ana ɗumama injin, ta mutu, sannan ka tayar. In ka dawo daga doguwar tafiya ba ka kashe ta nan take, sai ka bari ta ɗan huce tukuna. Kana tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas, kana canza baƙin mai a kan lokaci. Duk wannan ina yi.

'Ya'yan Alhaji sun daɗe suna matsa masa a sayar da ita, ya bar zuwa gonarsa ta Sheda, ya zauna gida ya huta. Shi kuwa ya ce musu muddin motar tana tafiya, da shi da gona da Habu suna nan. Ran da ta tsaya, ya haƙura da duka. Ni ne Habun. Don haka na san abincin gidana a cikin wannan injin yake.

Kafin a rufe gari motar ta fara shuɗin hayaƙi, fiton turbo ya canza murya, baƙin mai kuma yana raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. Na kira Bitrus, bakaniken da ke duba mana ita, mutumin Filato ne, ya zo har gida. Ya cire tiyon iska ya zura yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin.

Ya ce, “Alhaji, turbo ya gaji. Yana shan mai. Zan nemo wani. Kafin nan, kar a bari mai ya yi ƙasa. Ko yaya, kar a bari.”

A tsakar gida ya faɗa, da ƙarfi, irin maganarsa. Hajiya tana bakin ƙofar kicin, Baba Isa mai gadi yana wajen janareta. Kowa ya ji. Sai aka rufe gari, turbo bai samu ba, mota ta kwanta a ƙarƙashin rumfa.

Da aka buɗe, Alhaji ya ce gobe sai gona, yana so ya ga ko an yi shuka. Da yamma na je na tayar da ita, na duba ruwa, na zare sandar awon mai na goge na sake zurawa. Mai ya ɗan yi ƙasa. Na ƙara har ya kai layin sama daidai, na rufe galan, na ajiye shi da saura mai yawa a ciki, na tafi gida.

Washegari da hantsi muka kama hanya, muka bi ta Zuba muka wuce Gwagwalada. Motar tana tafiya kamar yarinya, har Alhaji yana yi mata kirari. Dab da Sheda akwai wani ɗan hawa, wata tirela tana gabanmu tana nishi. Na taka totur na wuce ta. Da na ɗaga ƙafa, motar ba ta rage ba. Ƙara ja ta yi.

Na ɗauka tabarmar ƙasa ce ta danne totur. Na sa ƙafa na janye ta, ba ita ba ce. Na mayar da giya firi, na taka birki na gangara gefen titi, kusa da wasu matan Gbagyi masu sayar da doya da gawayi. Na murɗa makulli na zare shi. Injin ya ci gaba da ihu, irin ƙarar da ban taɓa jin ta daga bakin mota ba, farin hayaƙi ya turnuƙe titin har tirelar da muka wuce ta tsaya.

Alhaji ya ce, “Habu, kashe ta mana.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na kashe.”

“Ka kashe me? Ba ka ji?”

Na ɗaga masa makullin. Ya kalli makullin, ya kalli ni, ya miƙo hannu ya karɓa ya juya shi gaba da baya kamar wanda aka ba canjin da bai gane ba. Sannan ya fara salati ya buɗe ƙofa.

Matan sun riga sun kwashi 'ya'yansu sun yi cikin gona. Wani ɗan acaɓa mai ƙarfin hali ya zo da sifana, na buɗe bonet, ya kwance kan batir. Muka tsaya muna jira ta mutu. Ba ta ko yi tari ba. Ya ce, “Oga, wannan ba aikin waya ba ne, a nemo malami,” ya hau babur ɗinsa ya matsa nesa ya tsaya kallo. Ni kaina a lokacin ban san yadda zan ƙaryata shi ba. Babu makulli, babu batir, babu wanda ke taka ta, amma tana ci.

Na buga wa Bitrus. Tun kafin in yi magana ya ji ƙarar.

Ya ce, “Oga Habu, man kansa yake sha. Ka sa giya biyar ka saki kuloci.”

Na ce, “Wane kuloci? Ka manta otomatik ce?”

“To ka toshe iska. Cire babban tiyo na gaban turbo, ka toshe da abu. Kar ka sa hannunka.”

Na fizge tiyon. Abin da ke kusa da ni hulata ce, zanna sabuwa da na saya don ƙaramar salla da aka yi a gida. Na kifa ta a bakin wurin. Ban ga tafiyarta ba. Na ji wani ƙuuu, sai ga zare-zare suna tashi, hannuna ba komai. Alhaji ya zagayo ta cikin hayaƙin yana tari, ya miƙo min dardumarsa ta salla da ke kujerar baya. Na ninka ta huɗu na danna da iya ƙarfina. Ƙarar ta fara sauka. Har na ce alhamdu lillahi a zuciyata. Sai wani abu ya buga a ƙasa kamar an jefa dutse a tukunya, injin ya yi tsit, baƙin mai ya malalo tsakanin ƙafafuna.

Har yau ban sani ba ko dardumar ce ta kashe shi ko shi ya gama kashe kansa.

Bitrus ya zo da motar ja aka kai ta garejinsa. Ya nuna mana rami a jikin injin da ɗan yaro zai iya zura hannu. Ya ce dizal ba ya buƙatar wuta kamar fetur, in dai ya samu iska da abin ƙonawa zai yi ta ci, ko da man shafa shi ne. Wannan na gane. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yawan man da ya gani a tiyo da kan titi bayan duk wanda ya ƙone.

Ya ce, “Wa ya sa wa motan nan mai haka?”

Na ce ni na sa, kuma a kan layi na tsaya. Ni da Alhaji muka koma gida. A ƙarƙashin rumfa na ɗaga galan ɗin jiya, na ji shi fayau.

Alhaji ya ce, “Bayan asuba na fito na ɗan ƙara mata. Na ga tafiyar da nisa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka auna?”

“Ai ba a ce kar ya yi ƙasa ba?”

Hajiya da ke tsaye ta juya wajen mai gadi. “Baba Isa, kai ma ka zuba ne? Na ce maka ka duba musu kafin su fita.”

Baba Isa ya ce shi ragowar da ya tarar kawai ya juye, kamar yadda yake yi wa janareta, don kar a ce an bar ta da ƙishi.

Ba wanda ya yi wa wani faɗa. Daga baya Bitrus ya ce ko ba a ƙara man ba, turbo ɗin zai iya yin haka wata rana. Wani bakanike da ya leƙa ya ce a'a, man ne ya yi yawa ya bi ta tiyon numfashin injin ya shiga hanyar iska. Babban ɗan Alhaji ya ce tsufa ne kawai. Kowa ka saurara sai ka ji kamar shi ke da gaskiya, ni kuwa da nake wurin na fi kowa rashin sani.

Abin da na riƙe dai shi ne, an ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ban da injin mota. In kana riƙe da tsohuwar mota mai turbo, mutum ɗaya ya riƙa zuba mata mai, ya auna da safen tafiya ko da ya auna jiya. In ta fara shuɗin hayaƙi, a ajiye ta. Kuma ka san inda iskarta ke shiga tun kafin ranar da za ka nema a cikin hayaƙi.

Alhaji ya cika maganarsa, bai sake sayen mota ba. Ya sallame ni da mutunci, har yanzu ina zuwa gaishe shi. Abin da aka rasa a ranar: injin ɗaya da turbo ɗinsa, dardumar Alhaji, hulata, aikina, da gonar Sheda da bai sake takawa ba.