Wasiƙu Talatin da Huɗu na Malam Bilyaminu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina bakin aiki a Dogon Daji aka bugo mini waya cewa Malam Bilyaminu Ɗan'iya ya rasu a gidansa na Tambuwal, bayan jinyar kwana shida. Da la'asar aka kai shi makwancinsa a Kebbe, garin haihuwarsa. Shi ya koya mini Hausa a sakandare, shi kuma ya koya mini rubuta wa kamfanonin buga littattafai wasiƙar neman a duba aikina.

Malam, na zauna in yabe ka, amma har yanzu haushinka nake ji, kuma ka san dalili.

Lokacin da na gama littafina na labaran ungozomomi, na kawo maka wasiƙar da zan aika wa editoci, shafi huɗu cur. Ka karanta a zaure, ka cire tabarau, ka ce, "Najiba, mi an nan? Kin gaida mutum, kin gaida iyalinai, kin ba shi tarihin kakanki. Ina littafin?" Sau goma sha ɗaya ka sa na sake ta. Ka ce layin farko ya faɗi abin da littafin ya ƙunsa. Ka hana ni rubuta cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Ka ce shafi ɗaya ya isa, a haɗa da babi uku, kada a yi roƙo, kada a yi fariya. A karo na tara na yi kuka a kan babur har gida, na rantse ba zan ƙara taka zaurenka ba. Ranar Asabar na dawo.

Kamfani bakwai muka aika wa. Huɗu ko amsa sallama ba su yi ba, biyu suka ce a'a. Ɗaya ya maido da amsa da sunan wata mata daban, alamar ko buɗe aikin ba a yi ba. Ranar da na gaya maka na haƙura, ka hau tsohon babur ɗinka cikin ruwan sama ka zo har Dogon Daji, rigarka sharkaf, da adireshin wata edita a Zariya cikin leda. Ko zama ba ka yi ba. Ka ce, "Ki aika yau." Ita ce ta buga littafin.

To kai fa? Shekara ashirin da takwas kana bin kasuwanni da rugage daga Kebbe zuwa Sanyinna, kana tattara kalmomin manoma da makiyaya don haɗa ƙamus: sunayen ciyayi, launukan shanu, cututtukan gero, kalmomin da tsofaffi ke tafiya da su kabari. Sau ɗaya tak ka aika da ƙamus ɗin nan. Editan ya ce ka mayar da shi Hausar rediyo, wai Sakkwatanci ba ya shiga kasuwa. Ka mayar masa da martani shafi tara, har da gyaran ƙa'idar rubutun wasiƙarsa. Shi ya yi wauta, na yarda, kuma ban yafe wa irinsa ba. Amma daga ranar duk sa'ad da na tambaye ka yaushe za ka aika wa wani editan sai ka ce, "Wasiƙag ga ba ta nuna ba tukuna." Shekara goma sha huɗu wasiƙa ba ta nuna ba, Malam?

Ranar sadakar uku matarka, Hajiya Batula, ta kira ni ɗaki ta buɗe akwatinka na ƙarfe. A kan ƙamus ɗin akwai wasiƙu talatin da huɗu, kowace shafi ɗaya, kowace da sunan wanda za a aika wa, kowace da gyaranka na jan biro. Na karanta su duka. Ko wadda ta fi rauni a ciki ta fi tawa ta sha ɗaya. Akwai wadda waƙafi ɗaya kawai ka zagaye, ka ajiye ta. Hajiya ta ce, "Kullum sai in ce ya aika, shi ce gobe." Ashe mutumin da ya tura mu gaba, mu ɗalibansa, shi tsoron a sake ce masa a'a yake yi, kuma ni da nake zaurensa kowane mako ban gane ba. Wannan haushin kaina ne, ba naka ba.

Da izinin iyalinka na zaɓi ɗaya na aika ranar Alhamis, yadda ka bar ta. Na ƙara layi guda a ƙasa cewa marubucin ya rasu. Ba su amsa ba tukuna. In sun ƙi, saura talatin da uku.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bayar ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Batula, da 'ya'yanka Jamaluddeen, Zulfa da Anisa, da 'yan uwa na Kebbe da Tambuwal. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.